Ido Ɗaya a Kan Ƙahon Benson

Sadiya ta shimfiɗa farin zanen gado a tsakar gida, ta jera takalma a kai, tana zagaya su da waya tana neman inda haske ya fi kyau. Malam Dalhatu na zaune a bakin zaure da fankar wani a kan cinya. Ya kwance mata ciki tun ɗazu, amma idonsa na kan 'yarsa.

"Wai su wa ke sayen takalmin da ba su sa ƙafa a ciki ba?"

"Mutane mana, Baba. Gwanjo ne, sai dai a waya. In sa hoto, a yi ta tayi har kwana bakwai, wanda ya fi kowa ya ɗauka."

Ta matso ta durƙusa ta nuna masa. A ƙarƙashin kowane hoto akwai wani ɗan ƙaramin ido, da lamba a gefensa.

"Wannan idon fa?"

"Masu sa ido ke nan. Mutum ya ga kaya sun yi masa amma bai shirya tayi ba, sai ya danna nan. Duk abin da na canja a kan kayan, za a sanar da shi."

"Goma sha ɗaya. Su wane ne?"

"Ai ba a nunawa."

"Suna ganin ki, ke ba kya ganin su?"

"Ni ma abin na ci mini rai. Akwai wata jaka da mutum huɗu suka sa wa ido har sati, babu wanda ya ce uffan. Har na fara zargin ƙawayena ne."

Daga madafa Hajara, matar gidan, ta ce, "Gulma ce kawai aka yi mata lamba."

Dalhatu bai yi dariya ba. Ya goge hannunsa a tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Har mutanen Sabon Tasha suna gani?"

"Har na Kamazou. Rabin masu sayen kayana daga can suke. Mai keke ke kai musu, ni ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba."

Ya ajiye fankar ya shiga ɗaki. Suka ji yana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Hajara ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya. Ta san ƙarar. Shekara ashirin da uku tana shara tana kewaye baƙin akwatin nan.

* * *

Ƙahon badujala ne na tagulla, mai madanni uku, kwance a cikin jan ƙyalle da ya koɗe. Na Benson ne.

Tare suka yi aiki a masaƙa a Kakuri, Dalhatu yana gyaran injuna, Benson yana sashen rini, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Makera. Ranar Lahadi Benson na busa ƙahon a coci. Ranar Asabar da yamma yana gwaji a tsakar gidansa, da an fara kiran sallah sai ya sauke shi daga baki ya jira. Ranar da aka kawo Hajara amarya, shi ya shige gaban mota yana busawa har ƙofar gida, tsofaffi na faɗa, yara na tsalle.

Aibin ƙahon ɗaya ne: madanni na uku kan maƙale. In an danna shi ba ya dawowa. Dalhatu ya kwance shi ya fi sau goma, ya goga, ya sa mai, a banza. Benson ya koyi ɗago shi da farcen ɗan yatsa a tsakiyar waƙa ba tare da kowa ya lura ba. "Injiniya," in ji shi, "injin da ya kai ɗaki girma kana gyarawa, amma ɗan wannan ya fi ƙarfinka."

Sai wata Litinin ta shekarar 2000, da hantsi, rikicin addini ya ɓarke. Hayaƙi ya tashi ta ɓangarori uku na gari. A bakin layi ana ihu, kuma Dalhatu ya gane wasu muryoyin, samarin da ya sani tun suna yawo ba wando. Aka buga masa ƙofa.

Ya buɗe ta kamar faɗin tafin hannu. Benson ne, da matarsa Celina, da jaririyar da ba ta kai wata biyu ba a bayanta. A bayan Dalhatu kuma Hajara ce tsaye da cikin wata takwas.

"Dalhatu, buɗe."

Bai ce a'a ba. Ya tsaya riƙe da sakata yana sauraron ihun da ke matsowa. Benson ya dubi fuskarsa, ya gane.

"To, riƙe mini wannan. Ba zan iya gudu da shi ba."

Ƙofar ta ƙara buɗuwa daidai faɗin akwatin. Akwatin ya shigo. Ta rufe.

Bayan ƙura ta lafa, gari ya rabu. Kowa ya kwashe ya koma inda irinsa suka fi yawa. 'Yan shekaru kaɗan masaƙar ma ta rufe, ma'aikata suka watse. Wani ya ce ya ga Benson a kasuwar Sabon Tasha. Wani ya rantse bai wuce layin dogo ba a ranar. Sau biyu Dalhatu ya hau motar Sabon Tasha, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, sau biyu yana zaune a kujerarsa har motar ta juyo. Ya sauka ya tambayi wa? Ya ce shi wane ne?

Abin da ya iya kawai, duk shekara ya fito da ƙahon ya ɗiga masa man keken ɗinki, ya mayar.

* * *

"Sayarwa za ka yi?" in ji Hajara. "Amanar?"

"Ba sayarwa ba. Cigiya."

Ya sa Sadiya ta ɗauki hoton ƙahon a kan farin zanen, ta sa masa farashin da ko mahaukaci ba zai taya ba. A ƙasa ta rubuta: Ƙahon badujala, tsoho, na tagulla.

"Baba, in wani ya zo ya ce na kakansa ne fa? 'Yan damfara sun fi masu saye yawa."

"Akwai abin da ban faɗa ba. Mai shi ya sani."

Ranar farko idon ya nuna uku. Dalhatu ya kasa zama. Ya haɗa fankar mutane a juye, sai da ya sake kwancewa. Kashegari biyu. A rana ta uku, ɗaya.

Ɗayan nan ya tsaya.

Daga nan wayar Sadiya ta daina zama tata. Da ya dawo daga masallaci sai ya ce, "Duba mana." Kafin ya ci abinci, "Duba mana." In ta tafi kasuwa ɗauko kaya, yana bakin zaure yana leƙen layi har ta dawo. Ya koyi jan allon da yatsa, yatsan da ya yi kauri da ƙarfe har wayar ba ta jin sa sai ya maimaita.

"Yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Ba za a iya roƙon masu abin su faɗa mana ba? A ce musu larura ce."

"Na rubuta musu. Na'ura ce ta amsa. Wai sirrin masu saye ne."

Yakan zuba wa ɗan idon nan ido har ya ga kamar yana ƙiftawa. Wani lokaci ya ga Benson ya tsufa, da tabarau a kan hanci, jikansa na riƙe masa waya. Wani lokaci ya ga ɗan gwangwan da ke lissafin nauyin tagulla. Wani lokaci ya ce wa kansa wani ne ya danna bisa kuskure ya manta. Hajara ta ce, "Ko ni da aka kawo ni gidan nan ban samu wannan kallon ba."

A rana ta huɗu ya tuna maganar Sadiya.

"Kin ce in kin canja wani abu, ana sanar da shi?"

"Nan take."

"To, rubuta."

Ta ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin hoton: An ajiye shi a Makera tun shekarar 2000. Suka jira. Idon bai ragu ba, bai ƙaru ba. Da la'asar ya sa ta ƙara: Mai shi ya yi aiki a masaƙa, sashen rini.

A rana ta biyar, bayan azahar, ya kira ta zaure. Bai dube ta ba. Yana juya sukudireba a hannu ya ba ta labarin ƙofar, daga bugun farko har ƙarar sakata. Sadiya ba ta taɓa ji ba. Abin da ta sani tun tana ƙarama shi ne wani maƙwabci ya bar ajiya ya yi tafiya.

"Rubuta haka."

"Baba, duniya ce za ta karanta."

"Mutum ɗaya ne."

Yatsanta ya daɗe a sama kafin ya sauka. Ta rubuta: Wanda aka ba wa ajiyar ya karɓi akwati ya rufe ƙofa. Yana nan da rai, yana jira.

Hajara na tsaye a bakin labule. A hankali ta ce, "Ba kai kaɗai ba ne. Ni na riƙe maka riga ta baya."

"Ban ji kin riƙe ba," in ji shi. "Da ma ba zan buɗe ba."

* * *

Saƙon ya shigo a rana ta shida da safe, Sadiya na wanke-wanke. Ta shigo zaure da kumfa a hannu, ta karanta masa:

"Madanni na uku yana maƙalewa har yanzu?"

Dalhatu ya dafa bango ya zauna a ƙasa. Sunan da ke saman saƙon Damaris ne.

"Ce mata e. Ce mata har yanzu. Tambaye ta wace ce."

Amsa ta zo: "Na babana ne."

Jaririyar da ke goye ke nan. Ta rayu. Amma ƙahon ya bar hannun ubanta tun ba ta san kanta ba, to wa ya gaya mata zancen madanni? In Benson ne, ya tsira. In Celina ce, tana iya yiwuwa labarin marigayi take ba wa marainiya. Ya juya abin ta kowane gefe, duka biyun suka zauna daidai.

"Tambaye ta, yana raye?"

Sadiya ta tura. Alama ta nuna an karanta. Minti goma, ashirin. Da amsa ta zo, ba ta tambayar ba ce.

"Nawa ne na gaskiya?"

"Ce mata kyauta. Nasu ne. Ta zo ta karɓa."

Sadiya ta tura kafin ta yi tunani, sannan ta dafe kai. "Baba, mun ɓata. A nan duk wanda ya ce kyauta ne, zo unguwarmu ka karɓa, masu garkuwa da mutane ne. Ko ni aka rubuto wa haka, toshe mutum zan yi."

Sai bayan azahar Damaris ta sake magana. "Ba na zuwa Makera. A ba mai keke ya kawo Kamazou, zan biya shi."

"Shi ke nan ma," in ji Hajara. "A ba mai keke."

"A'a."

"Malam, kayansu za su koma hannunsu. Ba shi kake so ba?"

"Hannu da hannu aka ba ni. Mai keke zai tambayar mini ko yana raye? Ni zan kai Kamazou."

"Ka kai ina? Ka san wace ce? Kai da ba ka ga ko fuskarta ba. In ƙato ne ya sa sunan mace fa? Wata nawa da aka ɗauke mai gyaran janareto, an kira shi aiki a waya?"

Sadiya ta raba gardamar. Manhajar gwanjon ba ta barin a tura lambar waya, kuma da gwanjo ya rufe ba a yi ciniki ba, zancen ma rufewa yake. Gobe ƙarfe biyar na yamma ne ƙarshe. Ta ba da shawarar a haɗu a tsakiya, a gidan man da ke bakin babban titi inda motocin Sabon Tasha ke sauke fasinja, da rana tsaka, a idon jama'a.

Damaris ta tambaya, "Ku nawa ne?"

"Ni da babana kawai. Tsoho ne."

"Gobe, ƙarfe uku."

* * *

Dalhatu ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hular da ya fi so. Tun biyu da rabi suna gidan man, shi rungume da akwatin, Sadiya riƙe da waya. Rana ta buɗe bayan ruwan safe, kwalta na tururi. 'Yan kamasho na kiran Sabo, Sabo, Kamazou. Duk macen da ta sauko daga mota sai ya gyara tsayuwa.

Uku ta wuce. Uku da rabi.

"Idon fa?"

"Yana nan."

Wajen huɗu saura, wani keke mai ƙafa uku ya tsaya a tsallaken titi, bai kashe inji ba. Wata budurwa ta fito, doguwa, da shuɗin siket da waya a hannu. Ba ta tsallako ba. Ta tsaya ta karkatar da kai gefe guda tana dubansu, kuma Dalhatu ya san wannan karkatar kan. Haka Benson ke yi in yana sauraron ko an fara kiran sallah.

Akwai wani a bayan keken. An saki labulen leda na ruwan sama, ba a ganin komai sai gwiwa da hannu ɗaya a kan sanda. Hannun tsoho ne ko na tsohuwa, daga nan ba za a gane ba.

Dalhatu ya ajiye akwatin a ƙasa, ya buɗe, ya ɗaga ƙahon sama da hannu biyu. Rana ta bugi tagullar. Budurwar ta waiwaya ta yi magana da na cikin keken. Hannun da ke kan sanda ya motsa, ya kama gefen labulen. Ta sako ƙafa ɗaya a kan kwalta tana jiran tirela ta wuce.

A lokacin ne ya ji an rufe ƙofofin mota a bayansa. Bello ne, ƙanin Hajara, da wasu ƙarti biyu na layinsu. Tun ɗazu suna cikin wata tsohuwar mota a gefen famfon mai, sai yanzu da suka ga alamar an zo suka fito. Suka tsaya a bayansa, hannuwa a harɗe.

"Yaya ce ta ce mu biyo ku," in ji Bello. "Ko da wani abu. Kai dai yi harkarka, Malam, muna nan."

"Ku koma," in ji Dalhatu. "Don Allah ku koma mota."

Tirelar ta wuce. Ƙafar budurwar ta riga ta koma kan dakali. Ta dubi farar rigar, ta dubi mazan uku, ɗaya bayan ɗaya. Hannun ya saki labulen. Ta shige keken.

Dalhatu ya faɗa titi da ƙahon a hannu. Wata bas ta taka birki, direban ya leƙo yana zagi, Bello ya fizgo shi baya ta wuyan riga. Ya buɗe baki zai kira suna, bai san wanne zai kira ba. Keken ya juya ya shige cikin 'yan uwansa, rawaya cikin rawaya, ya nufi Sabon Tasha.

Wayar ta yi ƙara a hannun Sadiya.

"Kun ce ku biyu ne."

Sadiya ta shiga rubutu da yatsu biyu. Kawuna ne. Mamana ce ta turo su. Wallahi ba mu sani ba. Ki dawo. Za mu ba mai keke. Ki faɗi inda za a kai. Baba yana tambaya ko yana raye. Saƙonnin suka jeru, babu wanda aka buɗe.

"Ka gani ko?" in ji Bello yana kakkaɓe hannu. "Da suka ga ba kai kaɗai ba ne ai sun gudu. Allah ne ya kiyaye."

Dalhatu ya karɓi wayar ya ja allon da kansa. Sai da ya ja sau uku ta ji yatsansa. Ɗan idon na nan a buɗe. Babu lamba a gefensa.

Suna tsaye a wurin har biyar ta buga.

* * *

Kashegari Sadiya ta sake sa hoton. Ta rubuta bayani mai tsawo, da ban haƙuri, da rantsuwa. Kwana bakwai suka cika, ta sake sawa. A karo na uku wani ya sa ido na yini ɗaya, Dalhatu ya ƙi cin abinci, da yamma mutumin ya rubuto yana tambayar nauyin tagullar.

Hajara ba ta ƙara yin zancen gulma mai lamba ba. In ta zo shara, takan tarar akwatin ba ya ƙarƙashin gado. Yana zaure, kusa da ƙofa, inda hannu zai kai gare shi da an ƙwanƙwasa.

Wata Asabar da yamma, Sadiya ta leƙo ta ga mahaifinta zaune da ƙahon a kan cinya, kwalbar man keken ɗinki a gefensa. Ƙofar zauren a buɗe take har bango, yara na wucewa suna leƙe. Ya danna madanni na farko, ya dawo. Ya danna na biyu, ya dawo. Ya danna na uku.

Ya ɗauke yatsansa, ya zauna yana jira.